Shinkafar Yaya a Buhun Waje

Sau ɗaya na taɓa jagorantar kai gara, tun daga ranar kuma ba a sake nema na ba. Garar 'yar yayata ce. Kafin in kai ga ranar, sai na faɗi yadda aka yi buhun shinkafa ya zama abin magana a unguwarmu.

Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo a birni. Mijina ya rasu ina tsakiyar aiki, Allah bai ba mu haihuwa ba, gidan da muke ciki kuwa na haya ne. Da na yi ritaya sai na kwashe 'yan kayana na koma garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, inda babban kanal na ban-ruwa ya ratsa gonaki ya rarrabu ƙanana. Yaya tana zaune a gidan mahaifinmu tun bayan rasuwar nata mijin. Ta sa aka share mini ɗakin da mahaifiyarmu ta bari, na can ƙurya.

Ba wanda ya wulaƙanta ni. Ana gaishe ni, ana aiko mini da fura, ana tambayar ƙafata da ke ciwo. Amma idan na fito tsakar gida na tarar da mata suna hira, sai kowa ta gyara zama, a rage dariya, a ja mayafi. Suka sa mini suna 'Yar Rediyo. Wata maƙwabciyarmu da ake kira Uwar Tagwaye, ƙawar Yaya tun suna 'yan mata, ita ta gaya mini dalili ban ma tambaya ba.

"Ke ko gishiri kika zo nema, sai mutum ya ji kamar za a ce an yi juyin mulki."

Na yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. Na saba auna kowace kalma kafin ta fita, na kuma kasa dainawa.

Sana'ar Yaya ita ce gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta casa. A kawo shanshera, shinkafa mai ɓawonta, daga gona, ta wanke, ta jiƙa da ruwan zafi ta kwana, da safe ta tsame ta zuba a rabin duro, ta rufe da tsofaffin buhuna, ta hura wutar ɓuntu a ƙarƙashi. Idan ƙamshin tururin ya sauya, ta ɗaga buhu ta ga ƙwayar ta buɗe baki, sai ta sauke. Daga nan sai shanya a kan tamfol ana juyawa da ƙafa, sai injin casa, sai bakace. Kusan kowane gida a layinmu haka ake yi. Da hantsi idan mutum ya tsaya a bakin kanal ya waiwayo gari, hayaƙi zai gani yana tashi daga bayan katangu, gida bayan gida. Da wannan hayaƙin ake kai yara makaranta, ake sayen magani, ake haɗa wa 'ya'ya kayan ɗaki. Idan aka ce manoma, maza ake nufi, amma shinkafar ba ta zama abinci sai ta bi ta hannun mata.

Akwai wasu kalmomi da na karanta a labarai ba adadi: cinikayya maras shinge. An yi taro a wani babban birnin duniya, an sa hannu a kan yarjejeniya, an yi kira ga ƙasashe masu tasowa su buɗe kasuwanninsu. In furta su daidai, in ɗan dakata, in wuce labarin wasanni. A shekarar da aka sassauta harajin shigo da abinci, na gan su da idona a layinmu. Dillalan da ke zuwa daga birni suka rage zuwa. Buhuna masu ƙyalli da rubutun wasu ƙasashe suka cika shaguna, har a kasuwar Kura, garin da ke zaune a tsakiyar shinkafa. Taki da man fetur na injin ban-ruwa ba su sauko ba, shinkafarmu ce kawai ta faɗi. Ban ga laifin uwar da ta sami abinci mai sauƙi ta saya wa 'ya'yanta ba. Amma ina fita da safe saboda ƙafata, likita ya ce in riƙa tafiya, kuma ina ganin hayaƙin yana raguwa. Wannan gidan ya daina, na kusa da shi ya daina. Wata ta kife duronta ta ɗora kwandon kaji a kai.

Maza suna da wurin juyawa. Wani ya koma albasa, wani masara, wani ya tafi birni tuƙa a-daidaita-sahu. Matar da ke cikin gida ba ta da komai sai duro da murhu.

Ƙungiyar manoma ta maza ta kira taro, aka gayyato manya daga birni don a kai musu kuka. Mata ma an aiko musu, su zo su dafa abincin baƙi. Yaya da Uwar Tagwaye da wasu suka je. Da aka sauke musu kayan girki, sai ga shinkafar waje, wai don kada baƙi su ci karo da tsakuwa. Suka dafa, don ba su san yadda za su ƙi ba. Da suka dawo Uwar Tagwaye ta jefar da mayafinta a kan igiya.

"Mun dafa musu abin da ya kashe mana wuta," ta ce. "Suka ci, suka kora da lemo, suka tashi suna jawabi a kan ceton manomi. Ko sannu da hayaƙi."

Washegari bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika. Ina ɗakina ina jin su, sai aka ɗaga labule. Yaya ce.

"Fito, ana nemanki."

Rabona da in ji wannan tun ina aiki. Na fito aka matsa mini gefen tabarma.

"'Yar Rediyo," in ji Uwar Tagwaye, "ke da kika san duniya. Wa ya buɗe ƙofar nan? Amma da Hausar mutane, don Allah."

Na yi ƙoƙari. Na ce akwai ƙasashen da gwamnatocinsu ke tallafa wa manomansu sosai, ga injuna, ga wuta, har shinkafarsu ta hau jirgin ruwa ta iso nan ba ta kai tamu tsada ba. Na ce akwai yarjejeniyoyi da masu ba ƙasashe bashi da ke son kowa ya rage shinge a kan iyakarsa. Na ce tamu gwamnatin ma tana son abinci ya yi sauƙi don mutane suna kuka da yunwa, kuma kukan gaskiya ne. Na ce abin da ba a lissafa ba shi ne wanda zai ɗauki asarar.

"A wurin da ake zaman nan, akwai mata?" wata ta tambaya.

"Akwai 'yan kaɗan. Ban taɓa jin an ce akwai mai gumi ba."

"To mu ba mu da kuɗin jirgi," in ji Uwar Tagwaye. "Ko Abuja aka ce mu je, sai an tambayi Malam, Malam ya tambayi aljihunsa. Me muke da shi?"

Yaya ba mai yawan magana ba ce, tana zaune tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Tukunyar biki."

Kowa ta gane. Ba a aure, ba a suna, ba a sadakar mamaci a yankin nan sai mata sun ɗora manyan tukwane. Namiji ya sayo, amma mace ke dafawa. Gara kuwa, kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan ango bayan biki, mata ke haɗa ta, mata ke kai ta, mata ke karɓa. A ranar aka yi alkawari biyu. Ba mai sa hannu a tukunyar taro idan shinkafar waje ce a ciki. Ba kuma garar da za ta fita daga gidan ɗayarmu sai da shinkafarmu. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa to mu ma mu gyara, a daina shanya a gefen titi, a tsince tsakuwa kamar don bakin mutum. Aka shafa fatiha.

Maza suka sa wa abin suna majalisar duro. Dariyar ba ta daɗe ba. A wani suna a bayan layinmu, maigidan ya kawo buhu mai ƙyalli, mata suka zauna a kan turame suka naɗe hannu, itace yana ci, ruwa yana tafasa. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, baƙi suka fara cika ƙofar gida. Kafin azahar ya ɗora buhun a babur ya je ya sauyo. Labarin ya bi kanal, daga gidan biki zuwa gidan biki, har Bunkure, har wajen Garun Malam.

Ni aikina saƙon murya. Yawancin matan ba sa karatun boko, amma akwai waya a kusan kowane gida. Sai in zauna a ɗakina in rufe ƙofa, in yi bayani a taƙaice, a tura. An ce har a ƙauyukan da ban taɓa takawa ba ana kunna muryata a tsakar gida, mata su kewaye wayar. Muryar tana shiga gidajen da ni ba a kira na hira. Na lura da haka. Ko ba komai yanzu idan na fito ana cewa ga wuri, zauna.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yar farin Yaya. Ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ita ta kawo wanda take so, ɗan wata unguwa ta wajen Kumbotso. Danginsa 'yan kasuwa ne, gidan da ake cin shinkafar waje tun kafin ta yi araha. Kowa a layinmu ya san abin da ke tafe. Matar da ta ce tukunyar biki, yau garar 'yarta za ta shiga birni. Idan tata ta tafi da shinkafarmu, ba mai sauran uzuri. Idan ba ta tafi ba, alkawarin ya zama abin da ake ɗora wa 'ya'yan wasu.

Yarinyar ba ta iya tunkarar uwarta ba. Tsakanin uwa da 'yar fari akwai kunya, ko sunanta Yaya ba ta kira. Ni ta samu a ɗaki, ta zauna a bakin gado tana murza gefen hijabinta.

"Anti, ki yi wa Umma magana."

"A kan me?"

"Kin sani. Ni ban yi alkawari da kowa ba. Lokacin da kuke shafa fatiharku ina makaranta."

"Shinkafar uwarki ba ta da tsakuwa."

"Anti, ba tsakuwa za su duba ba, buhu za su duba. Ku za ku ajiye ku dawo gida. Ni zan zauna. Har in tsufa a gidan nan za a riƙa cewa 'yar masu gumi, wadda aka kawo wa gara a buhun taki."

Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi maganarta a tsare, na kuma ga ba ƙarya a ciki. Na kai wa Yaya saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Tana tsugune tana tura ɓuntu cikin wuta. Ta saurara har na gama, ta ce "To," ta ci gaba da abin da take yi.

Shinkafar garar ita ta yi ta da kanta. Ta zaɓi shanshera mai dogon ƙwaya daga gonar wani ɗan'uwanmu, ta ƙi yarda a haɗa mata da ta kowa a injin casa, ta tsaya har aka share injin. Sannan muka zauna tsinta, ni da ita, kullum bayan an karya kumallo, tire a cinya, muna ture baƙar ƙwaya da karyayya gefe. Ba ma magana sosai. Wani lokaci ta tuno wani abu na yarintarmu, kamar ranar da na faɗa rijiyar lambu aka ciro ni da guga, ta yi murmushi ita kaɗai. Tun da na dawo garin ban taɓa jin na kusa da ita kamar a kwanakin nan ba. Ban tambaye ta shawarar da ta yanke ba. Ina ganin shinkafar a gabana, na ɗauka amsar ke nan.

Aka yi biki, aka kai amarya. Ranar kai gara ta zo. Uwar amarya ba ta zuwa, haka al'ada take, sai ƙannenta da ƙawayenta. Da safe Yaya ta leƙo ɗakina.

"Ke za ki ja gaba. Ke ce ƙanwar uwa, ke ce mai baki."

Kafin in gama shiri an riga an loda kaya a a-kori-kura an ja tamfol a kai. Mu kuma muka shiga bas. Muka bi gefen kanal muka hau titin Zariya. A hanya na lura Uwar Tagwaye ba ta tsokani direba ba, ba ta tsokane ni ba, tana ta kallon taga. Na ɗauka gajiyar biki ce.

A ƙofar gidan su ango aka yaye tamfol. Ga jarkokin man gyaɗa da manja, ga katan-katan na taliya, ga fulawa da sukari, ga robobin alkaki da dubulan da nakiya. A tsakiya kuma ga buhuna masu ƙyalli, da hoton wata gona mai tsaunuka da rubutun da ba namu ba.

Uwar Tagwaye ta riƙo hannuna ta ja ni gefe.

"Kada ki zare mini ido. Tamu ce a ciki, ko ƙwaya ɗaya ba a sauya ba. Buhun kawai muka samo a kasuwa, wanda aka juye. Alkawari ya ce shinkafarmu, ga shinkafarmu."

"Yaya ta sani?"

"Ke dai ki faɗi abin da ake faɗi mu tafi. Ki rufa wa yarinyar nan asiri."

Aka shigar da kaya. An shimfiɗa darduma a babban falo, matan gidan sun yi kwalliya sun jeru. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka kawo ruwa da lemo. Wadda ke karɓa gwaggon ango ce, wata Hajiya mai fara'a da haƙorin Makka. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka. Da ta zo kan shinkafa ta sa aka kawo wuƙa, ta yanke zaren buhu ɗaya, ta nutsa hannu ta ɗebo, ta bar ƙwayar tana zuba ta tsakanin yatsunta.

"Masha Allah. Kun gani ko? Ta waje daban ce. Dubi tsawo, dubi haske, kamar an jera da hannu." Ta juyo gare mu tana dariya. "Wallahi da aka ce mana 'yan Kura ne, na ce to Allah ya sa kada a kawo mana mai karya haƙorin nan. Ashe ku ma kun san mai kyau."

Matan gidan suka yi dariya. Namu ma suka yi. Na ga wadda ta naɗe hannu a kan turmi ranar sunan nan tana dariya tana rufe baki da mayafi. Na dubi ƙwayar da ta zube a kan darduma. Na san ta. Wataƙila ta bi ta kan tiren da ke cinyata.

Sai aka juyo gare ni, don mai jan gaba ita ke miƙa kaya da baki. Na faɗi abin da ake faɗi: ga ɗan abin da ya samu, ba yawa, a yi haƙuri, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Aka amsa da amin. Nan ya kamata in tsaya. Amma a inda na yi aiki, idan an faɗi abin da ba daidai ba a gaban makirfo, ba a rufe shiri sai an gyara. Na ji muryata ta fito yadda take fita a da, ba sama ba ƙasa.

"Gyara ɗaya, Hajiya. Shinkafar nan ba ta waje ba ce. A gonakin kanal aka noma ta. Uwar amarya ta turara ta da hannunta, ta shanya, ta tsince. Buhun ne kawai na waje."

Hajiya ta dubi abin da ya rage a tafinta, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki ta ciza. Ta daɗe tana taunawa.

"Ikon Allah," ta ce. "To me ya kawo ta cikin buhun mutane?"

Na waiwayi matan da muka zo tare. Ba wadda ta taimake ni.

"Wato da ba ki faɗa ba, da haka za mu ci muna gode wa wasu." Ta kakkaɓe hannunta. "To, an gode. Allah ya saka da alheri."

A ƙarshen falon akwai ƙofa mai labule. Na ga labulen ya motsa, na ga ƙafa mai lalle ta ja baya.

Aka ba da tukwici cikin mutunci, aka rako mu. Da zan wuce ta gefen buhunan sai idona ya sauka a kan bakin wanda ba a buɗe ba. Yaya bahaguwa ce. Idan ta ɗinke buhu da basilla, daga hagu take farawa, ɗinkin ya kwanta a karkace, ta ƙare da ƙulli biyu. Tun muna yara nake ganin wannan ɗinkin a buhunan gero na gidanmu. Shi ne a bakin kowane buhu.

A bas kujerar da ke kusa da ni ta zauna ba kowa. Sai da muka wuce gadar da ke kan hanya Uwar Tagwaye ta yi magana daga baya, ba ta ɗaga murya ba.

"Da ƙauyawa kawai za a ce mata. Yanzu ƙauyawa maƙaryata. Kin huta?"

Sai ta ƙara da cewa:

"Ba ki da 'ya a gidan miji, shi ya sa."

Wata ta ce haba, a bari mana. Aka bari. Ban juya ba. Na bi gonaki da kallo, ruwa kwance a fadamu, wasu an dasa, wasu an bar su ciyawa ta cinye.

Mun iso kafin magariba. Matan suka watse tun daga bakin layi. Na tarar da Yaya ita kaɗai a tsakar gida tana kwashe toka daga murhu.

"An karɓa?"

"An karɓa."

Ta dube ni, ta ɗan daɗe.

"Kin faɗa."

"Na faɗa. Na ga ɗinkinki, amma sai bayan na faɗa."

Ta ajiye kaskon tokar ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Yaya?"

"Da na gaya miki, da kin yi shiru saboda ni."

"To wanne kike so? A faɗa ko kada a faɗa?"

"Duka biyun." Ta share hannunta a zane. "Ina so yarinyar nan ta shiga gidan mutane ba ta sunkuyar da kai ba. Ina kuma so a san tawa ce. Na kasa zaɓa. Sai na ba su buhu, na ba su ke."

Na tsaya a wurin ban san ko godiya aka yi mini ba ko aike. Aka kira salla. Ta tashi ta ɗauki buta, ta zuba ruwa a tawa ta ajiye mini a ƙofar ɗaki.

Labarin ya bi kanal kamar yadda na farko ya bi. Wasu suka ce shugaba ma ta ɓoye tata a buhun waje, mu me zai hana mu sayi ta wajen gaba ɗaya. Garar da ta biyo baya a layinmu ta fita da ta waje, ba ɓoyo. Taron bayan la'asar ya ragu, har tabarma ɗaya ta ishe su. Waɗanda suka rage suka yi ta gardama a kan ko an karya alkawari ko ba a karya ba. Yaya ta tashi a gabansu ta ce ita ta ɗinka, kada a ɗora wa kowa. Daga ƙarshe suka ƙara magana ɗaya a kan ta da: shinkafarmu a buhunmu, fari, ba rubutun kowa. Har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da wannan, akwai bukukuwan da ake naɗe hannu. Ba su da yawa, hayaƙin ma bai dawo yadda yake ba.

Ba a sake neman saƙon murya daga wurina ba. Uwar Tagwaye ke yi yanzu, da tsawa da zolaya da tari a tsakiya, kuma na ji an fi tura nata. Muna gaisawa da ita. Hirar tsakar gida ta koma gyara zama idan na fito.

Da amarya ta zo ganin gida karon farko, ina ɗaki. Na ji muryarta, na ji ƙannenta suna murna. Ta zo ƙofata ta durƙusa daga waje ta ce Anti ina wuni, ya ƙafa, na ce da sauƙi, ya gidan, ta ce lafiya. Ba ta shigo ba, ni ma ban ce ta shigo ba.

Da la'asar Yaya ta kira ni in riƙe mata bakin buhu. Yarinyar ta dawo da buhunan garar a ninke, ta ce shinkafar ta ƙare, a ƙaro. Ban san ko mutanen gidan ne suka nema ba, ko ita ce kawai ta saba da ta uwarta. Buhunan duk a juye suke, cikin ya koma waje, fari fat, hoton tsaunukan yana daga ciki. Na san kowa yakan juya buhu idan zai kakkaɓe ƙwayar ƙarshe, don haka ban ɗora wa abin wata ma'ana ba. Na dai jira in ga ko Yaya za ta mayar da su yadda suke.

Ba ta mayar ba. Na riƙe, ta zuba da tiya har ya cika, ta ɗauki basilla ta fara daga hagu. Yarinyar tana tsaye a bakin rumfa da jakarta a kafaɗa, tana kallonmu. Aka fitar da buhunan aka sa a bayan mota. Yaya ba ta raka ta ba, saboda kunya. Ni na bi su har zaure na tsaya daga ciki, ina ganin farin buhun ta gilashin baya har motar ta karya kwana a bakin kanal. Sannan na dawo na tattara ƙwayar da ta zube a kan tabarma na watsa wa kaji.